MAUS ƊIN DA ZAI DAƊE MAKA: Abin da za ka duba kafin ka miƙa kuɗinka

 Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin nan na kawo muku saboda waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba, da waɗanda sabis ke yi wa gardama.

Yau maganarmu a kan maus ce, wato ɗan abin nan da ake riƙewa a hannu ana juya kibiyar kwamfuta da shi. Masu rubutu wasu na ce masa linzamin kwamfuta, wasu ɓeran kwamfuta, amma a shago kowa maus yake cewa, don haka ni ma da shi zan ci gaba. Tambayar da ake yawan turo min ita ce: wanne zan saya wanda zan yi aiki da shi da rana, in buga gem da shi da dare, kuma ba zai mutu min bayan wata biyu ba?

Wani zai ce, haba malam, duk matsalolin da ke ƙasar nan sai maus? To ai ƙaramin abu ne, amma tsayawarsa tsayawar aiki ce. Mai shagon buga takardu a Anka, layi ya taru, maus ya fara tsalle-tsalle. Mai zanen katin biki a Gummi, an ba shi aiki gobe ɗaurin aure, yana jan hoto a CorelDRAW hoton na suɓucewa. Ɗan Kano in hakan ta same shi, adaidaita zai hau ya je Beirut Road ko Farm Centre ya dawo da sabo kafin la'asar. Mu kuwa a nan, mai kyau sai an aika Gusau ko Sakkwato, a ba direba, a jira. Kuma kowa ya san halin da hanyar Anka zuwa Daki Takwas take ciki, ba hanyar da mutum zai hau don kawai ya mayar da maus ba ce. Saboda haka mu ya fi kamata mu iya zaɓe tun farko.

Daga ina abin ya samo asali?

A taƙaice, wani Ba'amurke ne mai suna Douglas Engelbart ya ƙirƙiro shi, abokin aikinsa Bill English ya haɗa na farko a 1964. Ɗan akwatin katako ne mai ƙafafun ƙarfe biyu a ƙasa da maɓalli ɗaya a sama. Ranar 9 ga Disamba 1968 aka nuna shi ga jama'a a birnin San Faransisko. Bayan nan aka koma mai ƙwallo a ciki, wanda waɗanda suka shiga kafe a shekarun baya za su tuna, kullum sai an buɗe an kankare dattin da ya naɗe. A 1999 Microsoft ya fitar da mai ido, mai jan haske a ƙasa, daga nan ƙwallo ta fara ɓacewa.

Me ya sa na kawo wannan? Don ku lura cewa an cire ƙwallo ne saboda ita ce ke motsi, ita ce ke kwasar ƙura. Har yau ƙa'idar ba ta canza ba: duk abin da ke motsi a cikin maus, shi ne ke fara mutuwa. Idon da ke ƙasa da wuya ka ji ya lalace. Abubuwa huɗu ne ke kashe maus, bari mu bi su.

Na ɗaya: makunnin da ke ƙarƙashin yatsarka

Wannan ƙarar "ƙas" da kake ji in ka danna, wani ɗan makunni ne a ciki wanda bai kai girman ƙwayar gyaɗa ba. A cikinsa akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa, in ka danna ya taɓa wani ƙarfen, wuta ta wuce, kwamfuta ta san an danna. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera shi su ne Omron na Japan, sai Kailh da Huano da TTC na Chaina. Manyan masu yin maus ma yawanci a wurinsu suke saye.

A jikin kwali za ka ga an rubuta danni miliyan 10, ko 20, ko 50. Mu yi lissafi. A ce kana danna maɓallin hagu sau 5,000 kullum. Kafin ka cika miliyan 10 sai ka yi kwana 2,000, wato shekara biyar da rabi kenan. To me ya sa namu ba sa kaiwa? Saboda wancan adadin a ɗakin gwaji aka samo shi, inji ne ke dannawa a wuri mai tsabta. Ba a gwada shi a shagon bakin titi cikin watan Janairu ba, lokacin da hunturu ke cusa ƙura har cikin aljihu. Ƙura da gumi da danshin damina su ne ke hawa kan ƙarfen nan, sai ya daina haɗuwa da kyau.

Alamar ciwon guda biyu ce. Ka danna sau ɗaya ya karanta biyu, sai ka ga fayil ya buɗe alhali zaɓarsa kawai ka yi niyya. Ko kuma ka danne kana jan abu, ya sake shi a tsakiyar hanya. A Excel wannan na iya kai maka lissafi gidan da ba nasa ba, ba ka ma lura ba. A gem kuwa kana cikin saiti bindiga ta sauka da kanta. Kuma wannan ciwon ba ya tsoron tsada, har manyan maus masu suna yana kamawa.

Maganin da aka kawo shi ne makunni mai aiki da haske. Maimakon ƙarfe ya taɓa ƙarfe, dannawar ce ke buɗe wa wani ɗan haske hanya. Tunda babu ƙarfen da zai yi tsatsa a wurin haɗuwa, matsalar danni biyu kusan ta kau. Razer ya fara saka shi a maus ɗinsa Viper a 2019, Logitech ma ya kawo nasa a G502 X a 2022. Yana da tsada, gaskiya. Amma in gem ɗin harbi ne abincinka kuma aljihu zai ɗauka, nan ne ya kamata kuɗin ya tafi.

In aljihu ba zai ɗauka ba, ga dabara. Nemi maus mai sukurori a ƙasa wanda ake iya kwancewa. Makunnin nan ƙafa uku gare shi, duk mai gyaran waya da ya iya riƙe abin narka dalma zai cire tsoho ya dasa sabo cikin 'yan mintoci. Ko daga mataccen maus ana iya ciro na dama, tunda shi ba ya shan wahala kamar na hagu. Sai dai don Allah a kai wa mai gyara, kar a zauna tsakar gida ana narka dalma yara na zagaye da kai. Mu mutanen Anka da Bukkuyum ba sai an yi mana bayanin abin da dalma ta yi wa yara a Bagega da 'Yargalma a 2010 ba.

Na biyu: tayar tsakiya

Tayar da kake murzawa shafi ya yi sama ko ƙasa, a mafi yawan maus tana haɗe da wani ɗan abu mai haƙora da ke ƙirga juyawarta. Shi kuma kusan a buɗe yake, ƙura na shiga kai tsaye ta ramin tayar. In ya fara gajiya, kana murzawa ƙasa sai shafi ya yi tsalle ya koma sama. Mai karanta dogon PDF ko mai cike fom a intanet ya san haushin wannan. Wasu maus ɗin tayarsu da haske ko maganaɗisu take ƙirgawa, irin su sun fi jure ƙura. Wajen saye, murza ta a hankali, ka ji kowane mataki yana faɗawa daram. In ka ji ta sakwaf ko tana girgiɗi hagu da dama, ajiye musu kayansu.

Na uku: waya

Wayar maus ba a tsakiya take tsinkewa ba, a wuya take tsinkewa, daidai inda ta fito daga jikin maus ɗin, ko kusa da kan USB. Daga waje lafiya lau, a ciki siraran wayoyin sun karye. Alamar ita ce ka ji kwamfuta na ƙarar cirewa da sakawa da kanta, hasken ƙasa na ɗaukewa yana dawowa. Duba wuyan, ka tabbata akwai roba mai kauri da ta rungume wayar. Wayar da aka yi wa saƙar zare tana da kyan gani, amma saƙar ba ta hana karyewar ciki, wani lokacin ma tauri take ƙara mata.

Na huɗu: ƙafafu da fatar jiki

Juya maus ɗinka ka ga wasu 'yan faci masu santsi a ƙasa. Su ne takalminsa. A kan teburin katako mai kaushi, ga ƙura, suɗewa suke kamar silifas. In sun ƙare sai ka ji yana kartar tebur. Tabarmar maus ta yadi ita ce maganin wannan, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Sai kuma maus masu fatar roba mai laushi a jiki. A kanti daɗin taɓawa gare su, amma zafin Afrilu da gumin hannu na sa robar ta fara danƙo tana saɓulewa. A yanayinmu, busasshiyar roba mai tauri ta fi.

Mai waya ko marar waya?

A nan ne aka fi gardama, bari in faɗi nawa ra'ayin. In kwamfutarka a tebur ɗaya take zaune, a shago ko ofis, sayi mai waya. Ba batir, ba caji, ba abin da zai ɓata, kuma a kuɗi ɗaya mai waya ya fi marar waya inganci.

In kuwa laftof ce kake yawo da ita, marar waya ya fi sauƙi, sai dai iri biyu ne. Akwai mai ɗan ƙaramin kai da ake sokawa a USB, akwai mai Bluetooth. Bluetooth ya wadatar wajen rubutu da zane da lilo a intanet, amma yana da ɗan jinkiri, ɗan gem zai ji shi a hannunsa. Don gem, mai ɗan kan USB za ka nema. Matsalarsa ɗaya, in ɗan kan nan ya ɓata, yawancin masu araha sun zama abin wasan yara, domin ba sa karɓar wani. Wasu na Logitech masu alamar Unifying ko Bolt ana iya saya musu wani kan a haɗa. Ka saba mayar da shi ramin da aka yi masa a cikin maus ɗin duk lokacin da za ka tashi.

Batun batir kuma, mu da wutar KAEDCO ke zuwa mana kamar baƙo, ni na fi son mai cin batir AA guda ɗaya a kan mai batirin ciki da ake caji. Na ciki yana raunana da shekaru, zafi na ƙara gaggauta masa, in ya mutu kuma canza shi aiki ne. Shi kuwa AA ko a teburin mai shayi ka tambaya za a nuna maka inda ake sayarwa. Misali, Logitech ya ce M185 na kai shekara guda da batir ɗaya, G305 na gem kuma awa 250 na wasa. Sharaɗi dai a saka batir mai kyau, kuma in za a ajiye maus ɗin ya kwana biyu a cire shi, don batir mai araha yana zubar da ruwa ya cinye ƙarfen ciki.

Lambobin da ake ruɗar mu da su

Za ka ga kwali an rubuta DPI 12,000 ko 26,000 da manyan baƙaƙe. Ma'anar DPI ita ce nisan da kibiya za ta yi a allo in ka matsar da maus inci ɗaya, wato santimita biyu da rabi. A DPI 1,600, inci ɗaya zai kai kibiya ɗigo 1,600. Allon laftof ɗinmu yawanci faɗinsa ɗigo 1,366 ne ko 1,920. Ka ga kenan da ɗan motsi kaɗan ka ƙure allon. To me za ka yi da 26,000? Ƙwararrun 'yan Counter-Strike da ke cin kuɗi da wasan, da yawansu a 400 ko 800 ko 1,600 suke bugawa. Abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne idon ya bi hannunka daidai, kar ya ruɗe in ka fizge shi da sauri. Mafi yawan idanu masu kyau kamfanin PixArt na Taiwan ne ke yin su, in ka ga an ambaci sunansa da lambar idon a kwali, alama ce mai kyau.

Lamba ta biyu ita ce sau nawa maus ke kai wa kwamfuta rahoto a daƙiƙa ɗaya. Na ofis sau 125 ne, na gem sau 1,000. Wannan bambancin ana jin sa a wasan harbi. Amma masu 4,000 da 8,000 da ake yayi yanzu, a kan tsohuwar laftof mai allon da ke sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, wahalar da injin kawai za su yi su shanye batir.

Fitilu masu canza launi fa? Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Maus mai araha da aka cika wa fitilu, ka sani kuɗin da ya kamata a sa a makunni ne aka sa a ado.

Ya dace da hannunka?

Maus mai ƙarko da ke sa maka ciwon wuyan hannu bai yi ba. Wani yana kwantar da tafinsa gaba ɗaya a kai, wani yana kama shi kamar ƙaguwa, wani da kan yatsu kawai. Mai kwantar da tafi yana son babba mai tudu, sauran biyun ƙarami ya fi musu. 'Yan'uwa mata da yara masu ƙananan hannu, kar a saya muku ƙato don kawai ya fi tsada. Nauyi ma abin dubawa ne: MX Master 3S na aikin ofis giram 141 ne, G Pro X Superlight na gem kuma bai wuce 63 ba. Wanda zai haɗa aiki da gem, tsaka-tsaki ya fi masa, kamar giram 70 zuwa 100, da maɓallai biyu a gefen babban yatsa. A gem su ne na canza makami, a aiki kuma su ne gaba da baya a intanet.

To wanne za a saya?

Ba zan faɗi farashi ba, don kafin ku gama karantawa dala ta motsa. Kuma ba wanda ya biya ni in yi masa talla. In aikin shago ne zalla, maus mai waya na Dell ko HP, irin waɗanda ke zuwa da kwamfutocin ofis 'yan Beljiyam, ko Logitech B100, sun fi sababbin marasa suna nesa ba kusa ba. In aiki da gem ne a haɗe kuma kuɗi tsaka-tsaki ne, duba Logitech G102 ko Razer DeathAdder Essential, duka masu waya. In dole sai marar waya, G305. Mai hali kuma ya nemi mai makunnin haske.

Sai dai waɗannan sunayen su ne aka fi yi wa jabu. Duba lambar siriyal ta jikin kwali, ta zo ɗaya da ta ƙasan maus ɗin. Duba rubutun, na jabu yakan yi dishi-dishi ko a sami kuskuren harafi. Kar nauyi ya ruɗe ka, akwai masu manna guntun ƙarfe a ciki don a ji shi da nauyi. Na gem na asali, manhajar kamfanin za ta gane shi, G HUB ga Logitech, Synapse ga Razer. In kuma an ce maka na asali ne a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da kowa ke sayarwa, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Gwajin minti uku kafin a biya

Je da laftof ɗinka, ko wanda ka aika ya roƙi mai shago ya gwada a gabansa ya ɗauko maka bidiyo.

1. Buɗe Paint, danne maɓallin hagu, ja dogon layi kana zagaye ba tare da ka ɗaga yatsa ba. In layin ya yanke, makunni ya gaji.
2. Danna wata folda sau ɗaya, ka dakata kaɗan, ka sake, har sau 30. In ta buɗe da kanta, yana danni biyu.
3. Zana da'ira a hankali, sannan ka fizga da sauri. Kibiya kar ta yi rawa ko ta gudu lungu.
4. Murza taya ƙasa a dogon shafi, ka ga ko zai yi tsalle baya. Danna tayar ma, ita ma maɓalli ce.
5. Lanƙwasa wuyan wayar a hankali kana kallon hasken ƙasa.

Sannan ku yi magana da mai shago a fili: in ya ba da matsala cikin kwana nawa za a canza? Ya rubuta a rasit. Ka gaya masa daga nesa kake, kwana uku ba za su ishe ka ba.

In ya zo hannu

Rufe shi da ƙyalle in an tashi aiki, musamman da hunturu. Wanke hannu bayan cin ƙosai ko ƙuli kafin ka kama shi. A goge shi da auduga da ɗan sifirit, ban da fetur da kananzir, suna cin roba. Kar a naɗe wayar a jikinsa tamau. Kar a jefa shi jaka ɗaya da caja da makullai. 'Yan gem kuma, in an kashe ka a PUBG ba laifin maus ba ne, daina buga shi da tebur.

In maɓallin hagu ya mutu ana tsakiyar aiki, shiga saitin maus na Windows ka mayar da na dama ya zama babban maɓalli, zai kai ka ka gama aikin ranar. Ƙannenmu masu zana JAMB kuma ku riƙe wannan: in maus ɗin cibiya ya ƙi, ku ɗaga hannu ku sanar, amma kar ku zauna lokaci na tafiya. A, B, C, D na zaɓar amsa, N na kai ka tambaya ta gaba, P na mayar da kai baya, S na miƙa aiki.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ke da maus ɗin da ya haura shekara uku yana aiki, ya gaya mana sunansa da inda ya saya, don 'yan'uwa su amfana. A tura wa masu shagunan kwamfuta da aka sani. Shiri na gaba in Allah ya kai mu za mu taɓa kibod, da yadda ake raba shi da ƙura ba tare da an ɓalle maɓallansa ba.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya sa albarka a sana'o'inmu.